Allon Dakta da Kunyar Ɗan Fari, Daga Rabah Zuwa Kagara

Laraba: fita daga Sakkwato

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na fita daga gida. In za a bi gaskiya, wannan ce fita ta uku. A ta farko na bar hula, a ta biyu na bar cajar na'ura, da na koma ɗauko cajar kuma sai na ajiye na'urar kanta a kan turmi na yi gaba, sai da matata Luba ta biyo ni da ita har bakin titi. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ta daina mamakina.

Sunana Sahabi, malamin asibiti ne ni, kuma bana aka haɗa ni da wata likitar yara, Dakta Asabe, a wani aikin bincike. Muna bibiyar yaran da ke da lalurar rashin natsuwa, waɗanda a gida ake ce wa masu rawar kai: ba zama wuri ɗaya, ba gama abin da aka fara, a aike su sayen gishiri su dawo da labarin mai wasa da biri. Kayan aikinmu wata kwamfutar hannu ce mai ƙirƙirarriyar basira, wadda mutanen ƙauye suka raɗa wa suna allon Dakta. Yaro zai yi wasa a kanta, in akuya ta fito ya danna, in jaki ya fito ya ƙyale. Sannan a yi wa iyaye tambayoyi a shigar da amsa. Ita na'urar ta riga ta nazarci bayanan yara masu yawa tun suna ƙanana har suka girma, sai ta kwatanta ta yi hasashe. Kore, yaro zai natsu da kansa. Rawaya, a sa ido. Ja kuwa, abin zai iya bin sa har girma in ba a taimaka masa ba.

Da damina ɗalibai suka zagaya suka tattaro bayanan. Da sakamako ya fito, sai ja ya cika ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, har Dakta ta ce ba ta yarda ba, gani ya kori ji.

Ni kuwa ina da tawa matsalar a cikin jerin. Lamba arba'in da ɗaya, yarinya 'yar shekara tara a Kagara ta Goronyo, ɗiyarmu ce ta fari ni da Luba. Tun da aka yaye ta aka kai wa mahaifiyata, Inna, kamar yadda aka saba, kuma Yaya take ce mini. Hedimastan makarantarsu ya ga takardar sakamakon, ya gaya wa Inna kwamfuta ta ce kan yarinyar ja ne, Inna kuwa ta aiko cewa daga Litinin an gama boko. Ba ni da bakin magana. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya je gaban uwarsa yana jayayya a kan 'yar da ya riga ya ba ta. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kwana uku ina tura tuwo ba na jin ɗanɗanonsa. Dabarar da na ƙulla ita ce in kai Dakta ta sake gwaji, na'ura ta ce kore, Inna ta sauko, ni ina gefe riƙe da jaka kamar ban san kowa ba. Ko Dakta ban gaya wa ba.

Shida da minti goma na same ta a tasha, ta riga ta biya kujeru, naira dubu biyu kowace. Haifaffiyar Jos ce, tashin bariki, kuma auta a gidansu, wadda ubanta ke kira da suna uku a rana ɗaya. Muka matsu mu huɗu a baya. Direba ya leƙo ni ta madubi.

"Malam, mi a cikin jikkag ga da kaka rungume awa jinjiri?"

"Na'ura ta, mai gane yaron da za shi natsu in ya girma."

"To don Allah a gwada min motag ga. Shekarunta ashirin da biyat, ba ta natsu ba."

A shingen farko wani soja ya ce a kunna abin ya gani, kada bam ne. Na kunna, akuya ta fito, na ce danna ta. Ya danna. Wata ta fito, ya danna, ya gyara tsayuwa, ya rataye bindiga a kafaɗa. Motoci bakwai suka taru a bayanmu, babu mai ƙarfin halin yin oda. Sau uku yana danna jaki yana tsaki. Dakta ta karɓe allonta cikin ladabi kafin sakamako ya fito, don ba mu san yadda zai ɗauki ja ba.

Rabah da Maikujera

Bakwai da minti talatin da biyar muka sauka Rabah, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai. Muka sha kunu da ƙosai na ɗari biyar-biyar a bakin kasuwa, sannan muka hau baburan kabu-kabu biyu zuwa Maikujera. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, ana ta yankan gero. Minti ashirin da biyar muka yi, da biyar ɗin da muka koma ɗauko hulata.

Yaron da muka zo dominsa sunansa Lawali, ja ne ƙwarai a takarda. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, uwarsa ta zauna nesa, ta ba mu gefen fuska. Dakta ta buɗe allo.

"Baiwar Allah, ya sunan yaron naki?"

Matar ta dubi katanga.

"To bari wannan. Yana saurarenki in kina yi masa magana?"

"Ni ba ni yi mai magana."

"In kin aike shi, yana dawowa da abin da kika ce?"

"Ba ni aike nai."

"Yana iya zama kusa da ke na minti goma?"

"Subhanallahi! Shi zamna kusa gare ni shi yi mi?"

Dakta ta duba tsohuwar takardar da ɗalibi ya cika. Ba ya saurare, ba ya cika aike, ba ya iya zama. Ni dai dariya ta ci ƙarfina har na shaƙe. Da na farfaɗo na ce, Dakta, ɗan fari ne fa, kunya ce. Ta ce tana jin ana faɗin kunyar ɗan fari, amma ta ɗauka ta ƙare tun zamanin kakanni. Wata tsohuwa, gwaggon yaron, ta fito daga ɗaki tana ɗaure ɗankwali.

"Ku tambaye ni ni, ku bar wahal da yarinya. Lawali? Tun asuba shina bisa dakali cikin gona shina koran tsuntsu, ko hitsari ba shi sauka yi sai an canje shi. Wanga na kuka ce ma mai rawar kai?"

Aka kira shi, ya zo ya durƙusa, ya danna akuyoyi duka bai taɓa jaki ko ɗaya ba, ya tambaya ko an gama don tsuntsaye na can. Da aka shigar da amsoshin gwaggo, allo ya koma kore shar. Dakta ta jawo jerin ja tana karantawa a hankali: Lawali, Lawali, Auwalu, wani Lawalin. Ta dafe kai. Ta ce ba laifin na'ura ba ne, abin da aka zuba mata shi ta tace.

Ni kuwa daɗi ya kama ni kamar an yi mini albishir da Hajji. Na ce a raina, faɗuwa ta zo daidai da zama, lamba arba'in da ɗaya ma ai 'yar fari ce. Muka gyara gida uku a ranar, duk labarin ɗaya ne. Kafin la'asar muka koma Rabah, don a wannan yanki yanzu mai hankali ba ya barin yamma ta same shi a hanya. Dakta ta sauka gidan wata ungozoma, ni a ɗakin wani abokin aiki. Tuwon sabon gero aka kawo da miyar kuka, na ci malmala uku, karo na farko a makon.

Alhamis: Wurno da Lahodu

Bakwai da kwata ya kamata mu tashi. Na riga Dakta zuwa tasha, na shiga mota na kama kujera, na samu wani dattijo muka shiga hirar tafarnuwa, hira mai daɗi. Minti goma sha biyar sai wayata ta yi ƙara.

"Malam Sahabi, kana ina?"

"Ina cikin mota, Dakta, ke nike jira."

"Ni ma ina cikin mota. Tambayi direbanka ina za shi."

Gandi za shi. Na fito da kunya, dattijon yana ce mini mu ƙarasa maganar wata rana.

Muka ratsa Achida, shinge biyu, babu wanda ya nemi a kunna allo, muka isa Wurno ƙarfe tara da minti biyar. Wanda bai san Wurno ba hancinsa zai sanar da shi, albasa ce ke yi wa baƙo maraba tun kafin mutane. Daga nan kabu-kabu zuwa Lahodu, gidan wani dillalin albasa, Alhaji Ɗanjumma. Jikansa Murtala ɗan shekara takwas shi ne ja mafi duhu a duk jerinmu. Dakta ta ce tun da ta fara aiki ba ta ga sakamako irin wannan ba, jaki ashirin da wani abu a zama ɗaya.

Muka tarar da yaron zaune a zaure yana tsince irin albasa ɗaya bayan ɗaya, ko ɗago kai bai yi ba sai da aka ce ya gaishe mu. Alhaji kuwa, dattijo mai kusan saba'in, waya biyu ne a hannunsa, ya zauna ya tashi sau huɗu kafin a gama gaisuwa, ya aika a kawo mana fura, ya manta ya sake aikawa, aka kawo ƙwarya biyu.

"Alhaji, Murtala ba ɗan fari ba ne ko?"

"Na biyat na ga uba nai. A'a, na shidda. Alo? Ban saisuwa hakanan! Ina jin ki, likita."

"Ranar da ɗalibinmu ya zo, yaron ba shi da lafiya ne?"

"Wane yaro? Ai ni niy yi jarrabawar."

Dakta ta ajiye biro.

"Yo ƙaƙa baƙo za shi kawo abu gidana, ɗan yaro shi sa hannu ina zamne? Nic ce a ba ni nan. Ɗalibin naku yaron kirki na, ba shi yi min gardama ba."

Wato ɗalibi ya ji nauyin hana dattijo, ya bar shi ya danna yana ciniki a waya, ya kuma shigar da sakamakon da sunan jika. Alhaji ya matsa sai an karanta masa abin da na'ura ta ce a kansa. Dakta ta yi ta kaucewa, ya nace, ta gyara murya ta karanta: in aka zaunar da shi a gaban aji, aka riƙa ba shi aiki kaɗan-kaɗan, aka bar shi ya ɗan zagaya tsakani, akwai fatan ya samu sauƙi kafin ya kai shekara goma sha huɗu.

Daga bayan labule muka ji muryar Hajiyarsa.

"Allah shi nuna muna. Shekara arba'in nike jiran ranag ga."

Murtala ya yi nasa gwajin, ya fito kore. Alhaji bai damu da wannan ba, ya jawo ni gefe, ya rage murya, ya ce tunda allon ya san gaba, a duba masa ko ya saki albasar da ke rumbu yanzu ko ya jira. Na ce ba duba yake yi ba. Ya ce haka duk masu duba na gaske suke cewa. Ya haɗa mu da rabin buhun albasa, ba yadda muka iya, ni na zama jakinta har ƙarshen tafiya. A Wurno muka kwana a masaukin baƙi na asibiti, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji. Raina fes, ja huɗu sun zama kore, gobe na biyar.

Juma'a: Goronyo da Kagara

Bakwai saura minti goma muka tashi, wannan karon Dakta ta riƙe hannun jakata har cikin mota. Shinge uku, na sojoji biyu da na 'yan sa-kai ɗaya, kowanne sai ya shinshina ya tambayi wa ke da albasa. Takwas da minti ashirin muka sauka Goronyo, muka karya da soyayyen kifin dam, na dubu ɗaya ya ishe mu. Na ce wa Dakta na ɗan san Kagara kaɗan, zan iya nuna hanya.

Tara da kwata muka shiga garin. Tun daga bakin masallaci aka fara.

"Sahabi! Sannu da zuwa gida!"

"Sahabi na Inna, an tuna da mu?"

Wata tsohuwa ta tare babur ta ce har yanzu ba ta yafe mini tulunta da na fasa ba. Dakta ta dube ni.

"Ka ce kaɗan ka san garin."

"Mutanen Kagara akwai son baƙi, Dakta."

A ƙofar gida muka ga yarinyar a kan katanga, riƙe da kaskon da aka aike ta ɗebo wuta da shi tun sassafe, tana koya wa wani zakara cara. Ta hango ni ta diro.

"Yaya! Yaya ya zaka! Mi kak kawo min? Kai, kana warin albasa!"

Na yi kamar ina gyara igiyar buhu. Dakta ta ce ashe gidanku ne, ashe ƙanwarka ce. Inna ta fito, muka gaisa, na durƙusa, ta dube ni ta dubi Dakta ta dubi allo, na ga ta gane komai a take. Ta ce, "Jikata ta. Ɗiyar wani ɗana ta, wani shashasha can birni." Dakta ta ɗauka wani yayana ake nufi, ni kuma ban gyara mata ba.

Aka ba yarinyar allo. Minti biyu na farko ta yi kyau, har na fara murmushi. Sai ta tambayi sunan jakin. Sai ta ce tausayi yake ba ta, kowa akuya yake taɓawa, ta danna shi sau biyar don ya ji daɗi. Sai wata kaza ta gaske ta wuce da tsumma a ƙafa, ta ajiye allon a ƙasa ta bi ta. Dakta ta juya ga Inna da tambayoyi, Inna kuwa ta zuba amsa babu ƙwauro: ba ta saurare, ba ta cika aike, ba ta zama, jiya ta sa gishiri a kunu. A nan ne abin ya faɗo mini. Kaka ba ta kunyar jika. Tun farko Inna ce ta amsa wa ɗalibi, gaskiya ta faɗa, babu kuskuren da za a gyara. Kwana biyu ina murna a kan abin da yaro ɗan firamare zai gane tun a Maikujera.

Allo ya nuna ja.

Dakta ta ce saura shafi ɗaya da ɗalibi ya bari fanko, na iyaye, don abin yakan bi jini. Ta miƙo mini allon in riƙa rubutawa.

"Inna, uban yarinyar yana yaro haka yake?"

Inna ta gyara zama, na ga idonta ya yi haske.

"Wanga? Wagga ai waliyyiya ta a kansa. Na ba shi tuwo shi kai gona, yad dawo da magariba ba tuwo ba akushi, shina rungume da ɗan agwagwan mutane. Na ba shi ƙane nai shi riƙa min a kasuwa, yaz zaka gida shi kaɗai shina tambayata ina yaro. Ya taɓa hwaɗawa rijiya garin gaida inuwa tai."

"Malam Sahabi, kana rubutawa?"

"Ina rubutawa, Dakta."

"Rubuta da kyau," in ji Inna. "Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe."

Dakta ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan yayan nawa shi ya kamata a kawo wa allo. Sannan ta daina dariya, ta matsa kusa da Inna ta nuna mata layi biyu a fuskar na'urar. Ta ce ja ba hukunci ba ne, ba kuma yana nufin kai ba ya ja ba, yarinyar kaifi gare ta. Layin sama shi ne inda yara irinta suka fi nufa in an bar su haka nan. Na ƙasa kuwa shi ne in an zaunar da su gaban aji, an gutsuttsura musu aiki, an samu wani a gida mai zama da su a kai a kai, likita yana dubawa lokaci-lokaci. Ta ce na'ura ba ta san wanne za a bi ba, mutanen gida ke zaɓa.

Inna ta miƙe. Ta ƙwala wa yarinyar kira, ta juya ta, ta ɗage mata zane zuwa gwiwa. Shatar bulala ce a sha-raɓarta, sabuwa a kan tsohuwa. Ta sake ta ta koma wajen kazarta.

"Likita, ba takardarku ta sa ni ba, takardar ta ba ni hujja dai. Uba nata shekara shidda ana duka nai a makaranta, ina gasa mai jiki da ruwan zahi. Na tsuhwa, ba ni iya wa karo na biyu. Kuma shi mai ɗiyar ba shi ce komi ba. Da shina so, da ya yi magana."

Ban taɓa sanin dalilinta ke nan ba. Kunya ta kama ni, ba irin wadda na zo da ita ba.

"To a kira shi," in ji Dakta. "Akwai lambarsa?"

Inna ta nuna bangon ɗaki da leɓe, inda aka rubuta lambar da gawayi. Dakta ta fara dannawa. Hannuna yana cikin aljihu a kan maɓallin kashe waya, dannawa ɗaya ta isa. Kafin ta kai ƙarshen lambar na ga ta tsaya, sunana ya fito mata. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta danna kira.

Waya ta yi ta kuka a aljihuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ciro ta, na juya na fuskanci rumbu, na ba su baya, na kara a kunne. Tsakanina da Dakta bai kai taku uku ba.

"Salamu alaikum," in ji ta, a waya da kuma bayana. "Da uban yarinyar nake magana?"

"Shi na." Na gyara tsayuwa. "Dakta, ki hwaɗa ma Inna, Saratu ɗiyata ta, kuma ina son ta yi karatu. Dut Asabat za ni zaka in zamna da ita. Yau za ni ga hedimasta kan bulala. Ki hwaɗa mata kuma, shashashan nan ba shi lalace ba, don wata ta gane ba shi iya karatu hannu banza, tar riƙa zuba mai wake shina ɓara shina biya mata karatu har yag gama firamare. Ita ta manta, ni ban manta ba."

Abin da na ji shi ne takalmi a tsakiyar bayana.

"Marar kunya! Gaban uwarka kaka kama sunan ɗiyar hwari? Wa yah haihe ka?"

Na juyo. Tana goge ido da bakin zane, tana laluben ɗaya takalmin.

"Litinin ta tahi," in ji ta. "Amma bulala guda ta taɓa ta, kai za ni rama ma. Kashe wayar, kana ƙone ma likita kati."

Saratu ta dawo rungume da kazar, ta tsaya a gabana.

"Yaya, an ce kai na babana?"

Na gyaɗa kai.

"Ai na sani tun bara. Kunnuwanmu iri guda na, kowa na hwaɗi. To mi za ni riƙa ce ma?"

"Abin da kike so."

"To Yaya Baba, riƙa min kazag ga in kwance mata tsumma."

Na riƙe. Ta yi mini kashi a riga, ban saki ba.

Kafin a tafi masallaci muka ga hedimasta. Dakta ta yi masa bayanin ja da kore, ya ce wallahi shi ya ɗauka kamar jan biro ne a jarrabawa. Ya yarda da kujerar gaba, ya yarda a ajiye bulala, ya kuma ce yana da wani malami da yake so a gwada. A kan babur Dakta ta ce za ta ƙara tambaya uku a saman kowace takarda: ɗan fari ne, wa ke riƙonsa, kuma wa ya danna.

Komawa gida

Biyu da rabi muka bar Kagara, uku da minti goma muka samu mota a Goronyo, biyar da minti ashirin da biyar muka shiga Sakkwato, lafiya ƙalau. Na tarar da Luba tana tuƙa tuwo. Ta tambayi Inna. Ta tambayi ciwon ƙafar Inna. Ta tambayi awaki, da rumbu, da maƙwabta gida-gida, har da wata da ta rasu bara. Da mutanen Kagara suka ƙare ta ci gaba da juya muciya a tukunyar da ta riga ta tuƙu.

Na ce, "Litinin za ta koma aji. Ta yi tsawo, ta kai min nan."

"Wa yat tambaye ka?" in ji ta, ta shige ɗaki da muciyar a hannu. Tuwon ya kama, muka ci shi haka nan, babu wanda ya yi ƙorafi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa direbobi da 'yan kabu-kabu, da masu masaukinmu na Rabah da Wurno, da Alhaji Ɗanjumma, Allah ya kai shi sha huɗu lafiya, da Dakta Asabe da ta ga sunana a wayarta ta kuma danna kira. Ina gode wa Inna, har da takalmin. Sai Luba, wadda har yau ba ta tambaye ni komai ba, amma duk Juma'a da yamma sai in tarar da ƙunshi a kan jakata, ta ce saƙon Inna ne. Na wannan makon fensir uku ne da hijabi wanda ko hannun Inna ba zai shiga ba.